Wa ya fara yi wa wani tawaye? Darasi daga rigimar gadon sarautar Gelawa

Yau zan ɗauke ku mu tafi nesa, ƙasar Sikotlan da ke arewacin tsibirin Birtaniya, mu koma baya shekara kusan 800. Ku yi haƙuri da ni, rubutun na da ɗan tsawo, amma wanda ya daure ya kai ƙarshe zai gane dalilin da ya sa na kawo shi wannan shafi.

A shekarar 1230, a kasuwar wani gari da ake kira Forfar, mutanen sarki suka kawo wata jaririya da ba a daɗe da haihuwarta ba. Aka yi shela, sannan aka buga kanta da ginshiƙin dutsen da ke tsakiyar kasuwa har rai ya yi halinsa. Littafin tarihi na Lanercost, wanda malaman coci suka rubuta, shi ya adana mana labarin. Laifin yarinyar nan guda ɗaya ne: jinin gidan Makwiliyam ce, gidan da ya shafe shekara 50 yana cewa gadon sarautar ƙasar nasa ne. Da mutuwarta aka rufe babin gidan baki ɗaya.

Na daɗe ina lura da yadda kalmar "ɗan tawaye" ke saurin fita daga bakinmu, mu masu harkar siyasa. Da mutum ya ce bai yarda da yadda aka yi rabo ba, shi ke nan an liƙa masa suna. Shi kuma wanda aka liƙa wa sunan, da ransa ya ɓaci, sai ya fara waige-waigen wanda zai kawo masa ɗauki daga waje. Matsayina a wannan rubutu shi ne, duka biyun nan hanyar asara ce, kuma tarihin Gelawa ya nuna haka ƙarara. Mai riƙe da kujera da ya sauya ƙa'idar gado shi kaɗai don amfanin gidansa, shi ne ya haifi tawayen da zai dame shi. Wanda aka zalunta kuma, in ya gayyato baƙo mai ƙarfi ya ƙwatar masa haƙƙi, to ya sani baƙon nan ba ya komawa gida hannu rabbana.

Su wa ne Gelawa, kuma yaya suke gadon sarauta?

Gelawa su ne masu magana da harshen Gelik, mutanen tsibirin Ailan da kuma yamma da arewacin Sikotlan. A al'adarsu, babban ɗa ba shi da tabbacin gadon ubansa. Sarauta ta dangi ce. Duk namiji baligi, lafiyayye, wanda ubansa ko kakansa ko kakan ubansa ya taɓa sarauta, yana da bakin nema. Ƙanin sarki ya fi ɗan sarki ƙarami kusa da gado, domin a ganinsu ƙasar da ke fama da maharan teku daga Norwe ba ta da lokacin renon yaro a kan karaga. Wani lokaci akan ware magaji tun sarki na raye, a Gelik ana ce masa tanishte, kuma har gobe da wannan kalma ake kiran mataimakin firaminista a Jamhuriyar Ailan.

A aikace, abin da wannan tsari ya haifar shi ne karɓa-karɓa. A Ailan, sarautar Tara ta yi ta zagayawa tsakanin reshen arewa da reshen kudu na gidan Onil tun daga wajen shekarar 734, har zuwa 1002 da Birayan Boru ya zo daga kudu ya karɓe ta da ƙarfi. A Sikotlan kuwa, Sarki Kenet Makalpin da ya rasu a 858 ya bar 'ya'ya biyu da suka yi sarauta, Kwanstantin da Ayed. Zuriyarsu ta zama gida biyu, kuma a tsawon ƙarni na 10 sarauta ta riƙa tafiya daga wannan gida zuwa wancan: in ɗan gidan Kwanstantin ya sauka, ɗan gidan Ayed ya hau. Mu da muka san yadda sarautar Zazzau ke yawo tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Amma fa kar wani ya ɗauka zaman lafiya aka yi. Ba zan yi muku ƙarya don in gyara hujjata ba. Mafi yawan sarakunan wancan ƙarni kashe su aka yi, wasu a hannun maharan teku, wasu a hannun 'yan uwansu da suka gaji da jira. Kwanstantin na biyu ne ya fita daban: ya yi shekara 43 yana mulki, daga 900 zuwa 943, sannan ya ajiye sarauta ya koma zaman ibada a St Andrews. Abin da tsarin ya tsare shi ne, gidan da ya rasa yau ya san gobe ma rana ce. Ana kashe sarki, amma ba a share gida.

Ranar da aka karya karɓa-karɓa

A 997 aka kashe Kwanstantin na uku, sarki na ƙarshe daga gidan Ayed. Saura gida ɗaya, shi ma ya tsage biyu. A 1005 Malkom na biyu ya kashe ɗan uwansa Kenet na uku a fagen yaƙi ya hau. Ya yi shekara 29 a kan gado, kuma ba shi da ɗa namiji da zai gaje shi. Bisa al'ada, sai sarauta ta koma ɗaya reshen. Malkom ya ce ina! Yana da 'ya, Betok, wadda ya aurar wa Kirinan shugaban majami'ar Dunkeld, suka haifi Dankan. Wannan jikan na wajen 'ya mace shi Malkom ya shirya wa gado. A 1033, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, littafin tarihi na Ulster ya rubuta cewa Malkom ya kashe wani namiji daga zuriyar Boite ɗan Kenet, wato ɗaya daga cikin waɗanda ke da bakin nema. A 1034 Dankan ya hau.

To a nan ne Makbet ya shigo labari. Da yawanmu da suka yi adabin Turanci a sakandare sun san sunan daga wasan kwaikwayon Shakespeare, inda aka nuna shi a matsayin maci amana da ya yanka dattijon sarki a kan gadon barci, matarsa na zuga shi. Ku ajiye wannan gefe. An rubuta wasan ne wajen shekarar 1606, fiye da shekara 500 bayan faruwar abin, a zamanin Sarki Jemis wanda ya fito daga zuriyar Dankan. Marubucin da ke wasa a gaban jikan wanda aka kashe, me kuke tsammani zai rubuta?

Ga abin da ya faru. Makbet shi ne mai mulkin Moray, babban yanki a arewa wanda masu mulkinsa ke jin kansu daidai da sarki. Gidansu ma bai tsira daga wannan cuta ba: a 1020 'ya'yan ɗan uwan mahaifinsa suka kashe mahaifin nasa, a 1032 kuma aka ƙone ɗaya daga cikinsu, Gilkomgan, tare da mutum 50. Makbet ya karɓi Moray, ya auri matar mamacin, Guruwok. Ita kuwa Guruwok 'yar Boite ce, wato 'yar reshen nan da Malkom ya tsallake, ya kuma kashe musu namiji. Dankan ba dattijo ba ne, matashi ne. Ya kai hari birnin Durham a arewacin Ingila ya sha kashi, sannan ya ɗauki runduna ya nufi Moray, ƙasar Makbet. A watan Agusta na 1040 aka gwabza kusa da Elgin, aka kashe Dankan.

Yanzu ku gaya mani tsakani da Allah, wa ya yi wa wani tawaye? Wanda aka bi har gida da yaƙi, ko wanda kakansa ya murɗe ƙa'ida ya ɗora shi?

Makbet ya yi shekara 17 yana sarauta. A 1045 Kirinan mahaifin Dankan ya tayar masa, aka kashe Kirinan. A 1050 Makbet ya tafi ziyarar ibada birnin Rum, inda aka rubuta cewa ya yi ta rabon kuɗi ga matalauta. Sarkin da jama'arsa ba su yarda da shi ba, ba ya barin ƙasa ya yi tafiyar watanni ya dawo ya tarar da kujerarsa. Abin da ya raunana shi daga waje ya zo: a 1054 Siwad, mai mulkin Northumbria a Ingila, ya shigo da runduna ya ci shi da yaƙi. A 1057 Malkom ɗan Dankan ya kashe shi a Lumphanan. Magoya bayansa suka naɗa Lulak, ɗan Guruwok da mijinta na farko. Bai cika shekara ba, a watan Maris na 1058 Malkom ya kashe shi, ya zama Malkom na uku.

'Ya'yan uwargida da 'ya'yan amarya

Malkom na uku ya yi shekara 35 a kan gado, ya kuma yi aure biyu. Matar farko, Ingibiyog, daga gidan masu mulkin tsibiran Orkney ta fito, ita ta haifi Dankan na biyu. Ta biyu ita ce Magaret, gimbiya daga tsohon gidan sarautar Ingila wanda Normawa suka kawar a 1066. Ta haifa masa maza shida, kuma ku duba sunayen: Edwad, Edmon, Etelred, Edga, Alekzanda, Dauda. Babu sunan Gelawa ko ɗaya. Daga sunan ma ka san inda fada ta sa gaba.

A watan Nuwamba na 1093 aka kashe Malkom da ɗansa Edwad a Alnwick yayin wani hari da suka kai Ingila. Magaret ta rasu bayan 'yan kwanaki. Manyan ƙasa suka koma ga tsohuwar al'ada, suka naɗa ƙanin sarki, Donal Ban, shi kuma ya kori Ingilishin da suka cika fada. A idon Gelawa babu wani ƙwace a nan, ƙani ya gaji wa, kamar yadda aka saba.

Sai Dankan na biyu, ɗan uwargida, ya taso. Tun 1072 yana Ingila, inda ubansa ya bayar da shi jingina ga Sarki Wiliyam na Normawa. Ya je wajen Sarki Wiliyam Rufus ya yi masa mubaya'a, aka ba shi mayaƙa, ya zo a 1094 ya ture baffansa. Mutanen ƙasa suka far wa baƙin da ya zo da su suka karkashe, suka ce masa zai zauna a sarauta ne kawai bisa sharaɗin ba zai ƙara shigo da Ingilishi ko Faransawa ba. Da baƙin suka tafi, ƙarfinsa ya tafi. Wata shida kacal ya yi aka kashe shi, Donal Ban ya dawo. A 1097 Rufus ya sake ba da runduna, wannan karon ga Edga ɗan Magaret. Aka kama Donal Ban, aka ƙwaƙule masa idanu, ya ƙare rayuwarsa a tsare. A al'adar Gelawa mai naƙasa ba ya sarauta, don haka makantar da mutum daidai yake da cire sunansa daga jerin 'yan takara har abada.

Daga nan 'ya'yan Magaret uku suka yi sarauta a jere: Edga daga 1097, Alekzanda daga 1107, Dauda daga 1124. Ku lura da kyau, su ma ƙani ne ke gadon wa. Ashe tsohuwar al'adar ba ta da laifi muddin a cikin ɗakinsu take zagayawa.

Sarki Dauda da rufe ƙofa

Dauda na ɗaya mutum ne mai aiki, wannan ba a musu. Shi ya fara buga kuɗin ƙasar, ya kafa garuruwan kasuwanci, ya gina manyan gidajen ibada irin su Kelso da Melrose. Amma a fadar Ingila ya girma, yayarsa ce matar Sarki Henri na ɗaya, kuma da ya hau sai ya riƙa yanka ƙasa yana ba abokansa masu jin Faransanci. Gidan Burus ya sami Annandale a hannunsa. Kakan gidan Stiwat ma shi ya kawo shi.

A 1130 Angus mai mulkin Moray, jikan Lulak ta wajen uwa, ya haɗa kai da Malkom ɗan marigayi Sarki Alekzanda suka taso. Aka haɗu a Stracathro, aka kashe Angus. Littafin Ulster ya ce mutanen Moray 4,000 ne suka mutu ranar. Dauda ya karɓe Moray, ya zuba baƙi daga Filanda ta ƙasar Beljiyam ta yau, ya ba su gonaki suka gina ganuwoyi. Malkom ɗan Alekzanda kuwa aka kama shi a 1134 aka kulle a Roxburgh.

Babban sauyin ya zo ne a 1152, lokacin da Henri, ɗa tilo na Dauda, ya rasu. Dauda ya tsufa. Akwai manyan maza a dangi, amma sai ya ɗauko jikansa Malkom, yaro ɗan shekara 11, ya haɗa shi da mai mulkin Fife da runduna, aka zagaya da shi ƙasa ana nuna wa jama'a cewa ga magaji. A 1153 yaron ya hau a matsayin Malkom na huɗu. Ba a taɓa ɗora yaro a wannan karaga ba sai ranar. A shekarar ce Somaled mai mulkin Argyll ya tayar, tare da 'ya'yan Malkom ɗin nan da ke kulle. Haka aka yi ta fama har aka kashe Somaled a Renfrew a 1164.

Gidan Makwiliyam

Yanzu mun iso ga dangin jaririyar Forfar. Dankan na biyu, ɗan uwargidan nan da ya yi wata shida, ya bar ɗa mai suna Wiliyam. Wannan Wiliyam bai taɓa ɗaga wa Dauda yatsa ba. Ya yi masa biyayya, har ya jagoranci rundunarsa ya ci nasara a Clitheroe a 1138. Zuriyarsa ce ake kira Makwiliyam, wato 'ya'yan Wiliyam.

Ku auna hujjarsu da kowane ma'auni kuke so. In tsohuwar al'ada za a bi, jikokin sarki ne, baligai, suna da bakin nema. In kuma sabuwar ƙa'idar babban ɗa za a bi, ai kakansu Dankan shi ne babban ɗan Malkom na uku, ya girmi duk 'ya'yan Magaret. Ta kowace fuska suna da magana. Da aka rasa yadda za a yi da wannan hujja, sai wasu marubuta suka riƙa cewa wai Dankan ba ɗan halak ba ne. Kun dai san salon: in an kasa kayar da takararka, sai a koma kan takardar haihuwarka.

A zamanin Sarki Wiliyam mai laƙabin Zaki, wanda ya yi mulki daga 1165 zuwa 1214, Donal Makwiliyam ya taso a arewa wajen 1181, ya riƙe yankin Ross shekaru. A watan Yuli na 1187 mayaƙan Rolan na Galloway suka kashe shi a wani wuri da ake kira Mam Garvia, aka kai wa sarki kansa a Inverness. A 1201 sarki ya tara manyan ƙasa a Musselburgh ya sa suka yi rantsuwar biyayya ga ɗansa Alekzanda, yaro ɗan shekara uku. A 1211 Gofred ɗan Donal ya ƙetaro daga Ailan da mayaƙa. Abin ya fi ƙarfin sarki har sai da ya nemi taimakon Sarki Jon na Ingila, aka ba shi sojojin haya. A 1212 aka kama Gofred aka fille masa kai. A 1215, Alekzanda na biyu bai daɗe da hawa ba, wani ɗan Donal ɗin ya sake tasowa. Wanda ya murƙushe shi wani Bagele ne ɗan yankin, Farkar Maktagat, ya aika wa sabon sarki kawunansu a matsayin gaisuwa, aka saka masa da muƙami, daga baya ya zama mai mulkin Ross. Tashin ƙarshe ya zo a wajen 1228, ya ƙare a kasuwar Forfar a 1230.

Wannan batu na Rolan da Farkar yana da muhimmanci. Kar mu ɗauka faɗa ne tsakanin Gelawa da baƙi zalla. Gelawa ne da yawa suka riƙe wa sarki takobi, kowa da lissafinsa. Duk rigimar cikin gida haka take, akwai masu cin abinci da ita, kuma su ne ba sa son a sasanta.

Abin da mai musu zai ce

Na san wani zai ce, Malam, ai ƙarshenta gidan Magaret ne ya yi daidai. Bayan 1230 ƙasa ta zauna lafiya. Alekzanda na uku ya hau a 1249 yana ɗan shekara bakwai, babu wanda ya ja da shi, ya kuma karɓo tsibiran yamma daga hannun Norwe a 1266. Ƙa'idar babban ɗa ta kashe gardama, kowa ya san magaji tun yana cikin zanin goyo. Ba wannan ya fi kashe-kashen ƙarni na 10 ba?

Maganar na da ƙamshin gaskiya, kuma ban zo nan don in yi wa tsohon tsari kirari ba. Ƙa'idar da kowa ya sani tun kafin a shiga fili ta fi wadda ake yanke ta da takobi. Inda na rabu da mai wannan magana shi ne hanyar da aka bi. Ba a tara gidaje aka ce ga sabon tsari, ga abin da kowa zai samu in ya haƙura ba. Mai kujera ne ya sauya ƙa'ida a daidai lokacin da sauyin zai amfani jikansa, Malkom na biyu ya yi a 1034, Dauda ya maimaita a 1152. Kuɗin da aka biya shi ne shekara kusan 200 ana zubar da jini, daga 1040 zuwa 1230. Zaman lafiyar da aka samu kuma, an same shi ne saboda babu sauran wanda zai yi magana.

Sannan ku ji yadda aka ƙare. 'Ya'yan Alekzanda na uku su uku duk suka riga shi rasuwa, tsakanin 1281 da 1284. A wani dare na watan Maris 1286 ya faɗo daga kan doki kusa da Kinghorn, da safe aka tsinci gawarsa. Wadda ta rage ita ce jikarsa Magaret, ƙaramar yarinya a Norwe. A 1290 aka ɗauko ta a jirgin ruwa, ta rasu a Orkney tana da shekara bakwai. Gidan da ya sare duk rassan bishiya don reshensa ya sha rana shi kaɗai, ga shi reshen ya bushe. Shekara 60 daidai tsakanin jaririyar Forfar da yarinyar Orkney.

Mutum 13 suka fito neman gado, manyansu Jon Baliyol da Robat Burus, dukansu zuriyar baƙin da suka zo daga Faransa, suna jingina da jinin sarauta ta wajen mata. Da aka rasa mai raba gardama a gida, aka kira Sarki Edwad na ɗaya na Ingila. Shi kuwa ya ce kafin ya yi alƙalanci sai kowa ya amince shi ne uban gidan ƙasar. Suka amince. Ya zaɓi Baliyol a 1292, ya mayar da shi yaron aike, a 1296 ya shigo da yaƙi ya tuɓe shi, ya ɗauke dutsen Scone da ake naɗa sarakunansu a kai ya kai Landan. Sai da aka yi shekara 700, a 1996, dutsen ya koma Sikotlan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gargaɗi ga wanda aka zalunta

Kar masu ƙorafi su ji daɗi da yawa, su ma akwai nasu. Mu leƙa Ailan. A 1166 abokan gaba suka haɗu suka kori Damot Makmuro daga sarautar Leinster. Ya ji an zalunce shi, ya ƙetara teku ya sami Sarki Henri na biyu na Ingila, aka ba shi izinin ɗibar mayaƙa. Kashin farko suka sauka a 1169. A 1170 babbansu, Rica na Clare wanda ake wa laƙabi da Strongbow, ya zo ya ci Waterford, Damot ya ba shi 'yarsa Ifa da alƙawarin gado. Damot ya dawo kan kujerarsa kam, amma a watan Mayu na 1171 ya mutu. A watan Oktoba na shekarar Henri da kansa ya sauka da babbar runduna, kuma hannun Ingila bai fita daga mafi yawan tsibirin ba sai 1922. Har yau mutanensa na kiransa Damot na Baƙi. Kujerar shekara biyu ya saya da ƙasar jikokinsa.

Haka Dankan na biyu, haka Edga. Kowannensu ya hau ne a bayan dokin Ingila, kuma mubaya'ar da irinsu suka yi tana cikin abin da Edwad ya jingina da shi bayan shekara 200 ya ce ƙasar tasa ce. Mu ma a nan mun ga makamancin haka: basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893 rigimar gado ce tsakanin 'ya'yan wa da ƙani, kuma shekara goma bayan fara ta Turawa suka shiga birnin.

Abin da nake so mu ɗauka

Ga wanda ke riƙe da ragama, a kowace tafiya yake, in akwai yarjejeniyar yau ni gobe kai, to ita ce ke sa wanda ya faɗi ya koma gida ya jira maimakon ya shiga daji. In tsarin ya tsufa yana bukatar gyara, a gyara shi a gaban kowa, da yardar waɗanda zai shafa, kuma tun kafin a san wanda zai ci moriyarsa. Gyaran da aka yi ana gobe rabo, kowa ya san sunansa. Wiliyam ɗan Dankan ya yi biyayya iya rayuwarsa, amma da aka nuna wa 'ya'yansa cewa biyayyar ba ta saya musu komai ba, sai da suka yi shekara 50 suna yaƙi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ga wanda aka tura gefe kuma, ƙorafinka na iya zama gaskiya, kamar yadda na Makwiliyam ya kasance gaskiya. Amma kafin ka buɗe wa na waje ƙofa, ka tambayi kanka me zai nema in ya gama yi maka aiki, kuma wa zai fitar da shi. Ka tsaya a cikin gida ka yi ta faɗin gaskiyarka da babbar murya, ka tara jama'a, ka nemi a zauna. Wannan hanya ta fi tsawo, ta fi cin rai, amma ita ce ke barin gidan a tsaye har ranar da rabonka zai zo.

Ga mu kuma 'yan soshiyal midiya, masu saurin raɗa wa mutane suna, mu tuna da Makbet. Shekara 17 ya yi yana mulki, ya je Rum ya dawo, amma yau duniya ta san shi ne da sunan da zuriyar abokin gabarsa ta ji daɗin a kira shi. Kafin ka rubuta "maci amana" a ƙarƙashin hoton wani, ka bincika wa ya fara taɓa ƙa'idar.

Na san akwai waɗanda za su ce da wane nake, akwai masu cewa a'a da wane ne. Ni dai tarihin Sikotlan da Ailan na ba ku, da shekarunsa da sunayensa, kowa na iya zuwa ya bincika. Wanda ya ga inda na kauce, ya gyara mani cikin mutunci, zan karɓa. Allah Ya sa mu gama lafiya.